Dariya a gefen gawa: tsohuwar rigimar masu karanta littattafan binciken kisa

1/ Jiya na ce The Thursday Murder Club na cikin littattafan da suka fi yi mini rana a bara. Sai wani ɗan'uwa ya ce mini: "Haba Malam, kai da muke ganin kana karanta manyan littattafai, me ya kai ka tatsuniyar tsofaffi masu shan shayi?" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Wannan gardamar ta kai shekara ɗari ana yin ta. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Gargaɗi tukuna. Zan tona ƙarshen tsofaffin littattafai biyu, The Red House Mystery na 1922 da The Murder of Roger Ackroyd na 1926. Duk mai niyyar karanta su ya tsaya a nan, ya dawo daga baya. Kar wani ya zo yana cewa na ɓata masa karatu.

3/ Ga wanda bai san littafin da ake magana a kai ba: Richard Osman ne ya rubuta shi, wani mai gabatar da shirye-shirye a talabijin ɗin BBC. Ya fito a Satumban 2020. Labarin tsofaffi huɗu ne da ke zaune a rukunin gidajen 'yan fansho a yankin Kent na Ingila. Kowace Alhamis sukan haɗu su buɗe fayil ɗin tsofaffin kashe-kashen da 'yan sanda suka kasa warwarewa, don rage zaman banza.

4/ Akwai Elizabeth, tsohuwar jami'ar leƙen asiri. Akwai Joyce, tsohuwar nas mai son toya kek, wadda ke rubuta abin da ya faru kullum a kundinta. Akwai Ron, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, ga baki. Sai Ibrahim, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Masar. Ana nan sai aka kashe wani maginin da ke da hannu a rukunin gidajen nasu. Wasa ya zama gaske.

5/ Littafin ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya kaɗai, wasu littattafan suka biyo bayansa, kuma a 2025 Netflix ta fitar da fim ɗinsa. Amma in ka bi ra'ayoyin waɗanda suka karanta, za ka ga an rabu. Masu yabo na cewa sun yi dariya har da hawaye, kuma sun so a ce tsofaffin nan maƙwabtansu ne. Masu kushe kuwa ƙorafinsu kashi uku ne.

6/ Na farko: "An cuce mu, mutane sun yi yawa, gawarwaki sun yi yawa, ba a ba mu damar gano mai laifi da kanmu ba." Na biyu: "Ba ya kama da gaskiya, wane ɗan sanda ne zai zauna yana cin kek yana ba 'yan fansho sirrin bincike?" Na uku: "Ɓata lokaci ne, kuma ma ta yaya ake raha alhali ga mutum kwance an kashe?" Kowane ɗaya cikin ukun nan yana da kaka a tarihi.

7/ Mu fara da ƙarfin mai karatu. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887. Da ya gaji da shi, yana ganin yana hana shi rubuta abin da ya fi daraja, sai ya jefa shi a mafaɗar ruwan Reichenbach ta Suwizalan a labarin da ya fito a Disamban 1893. Masu karatu suka ce ba su yarda ba. Matsin lambarsu da kuɗin da mawallafa suka zube suka sa ya dawo da shi da ransa a 1903.

8/ Tun daga nan aka gane cewa a wannan fannin mai karatu ba ɗan kallo ba ne, yana ganin da shi ake wasan. To ina raha ta shigo? A 1913 wani ɗan jarida, E. C. Bentley, ya rubuta Trent's Last Case da nufin zolayar irin su Holmes da ba sa kuskure. Jarumin nasa ya tara hujjoji tsaf, ya faɗa son matar mamacin, ya yanke hukunci, kuma hukuncin ya fito ba daidai ba.

9/ Abin da aka yi don zolaya sai ya zama abin koyi. Mutane suka so mai bincike mai barkwanci, wanda zai iya shan kunya kamar kowa. Shekara guda bayan nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, 1914 zuwa 1918. Birtaniya ta rasa ɗaruruwan dubban samari. Da wuya ka sami ƙauyen da ba a yi zaman makoki ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/ A lokacin yaƙin nan wata matashiya mai suna Agatha Christie tana aikin jinyar sojoji a garin Torquay, daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magani. A nan ta san guba ciki da waje. Littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, ya fito a 1920, kuma da guba aka yi kisan. Ba jini male-male, ba azabtarwa. Gida guda, mutane 'yan kaɗan, kowa abin zargi.

11/ A 1922 A. A. Milne, marubucin barkwanci na mujallar Punch, wanda daga baya ya yi suna da littafin yara na Winnie-the-Pooh, ya fitar da The Red House Mystery. An harbe mutum a wani katafaren gida, abokai biyu suna bincike suna tsokanar juna, ɗaya na kwaikwayon Holmes, ɗaya na kwaikwayon Watson. Littafin ya karɓu ƙwarai, aka yi ta sake buga shi. In kana neman kakan littafin Osman a fannin raha, ga shi nan.

12/ Yanzu ƙorafi na farko, wato "an cuce mu". A 1926 Christie ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd. Mai ba da labarin likitan ƙauye ne, Dakta Sheppard, mutum mai fara'a da ke taya mai bincike Poirot aiki. Kana biye da shi shafi bayan shafi, ka amince da shi kamar ɗan'uwa. A ƙarshe sai ga shi shi ne ya yi kisan.

13/ Kai, aka yi ta cacar baki. Wasu masu karatu da masu sharhi suka ce wannan ha'inci ne, an karya amanar da ke tsakanin marubuci da mai karatu. Wasu suka ce a koma a sake dubawa, likitan bai taɓa faɗin ƙarya ba, tsallake wasu mintoci kawai ya yi. Marubuciya Dorothy L. Sayers ta goyi bayan Christie, tana ganin aikin mai karatu ne ya zargi kowa ba tare da ware wani ba.

14/ A irin wannan yanayi aka fara rubuta wa fannin dokoki kamar wasan ƙwallo. A 1928 wani Ba'amurke, S. S. Van Dine, ya jera guda 20. A 1929 wani limamin cocin Katolika, Ronald Knox, ya jera 10. Cikinsu: a nuna mai laifi tun farkon labari, kar ya zama wanda aka bar mu muna bin tunaninsa, kar ɗakin sirri ya wuce ɗaya, kar a kawo gubar da kimiyya ba ta sani ba.

15/ A 1930 marubutan Landan suka kafa ƙungiyarsu, Detection Club, G. K. Chesterton ne shugabanta na farko, kuma sabon mamba sai ya yi alkawarin ba zai ɓoye wa mai karatu hujja ba. To wa ya yi nasara a rigimar Ackroyd? A 2013 ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓe shi a matsayin littafin da ya fi kowane a fannin. Abin da aka kira ha'inci shi ya zama gwaninta.

16/ Wani abu kuma ya fito daga cikin littafin nan. Likitan yana da 'yar'uwa, Caroline, wadda ba ta fita ko'ina amma ba abin da ke faruwa a ƙauyen da ba ta sani ba, daga bakin 'yan aiki da masu kawo madara. Christie da kanta ta ce jin daɗin rubuta wannan matar na cikin abin da ya haifar da Miss Marple, tsohuwar nan mai saƙa ta ƙauyen St Mary Mead.

17/ Ku dubi wannan: labarin da Miss Marple ta fara bayyana a ciki, a Disamban 1927, sunansa The Tuesday Night Club. Mutane ne ke haɗuwa duk daren Talata, kowa ya kawo wani al'amari mai ɗaure kai, sauran su yi ƙoƙarin warwarewa. Kullum tsohuwar da aka raina ce ke ganowa. Daga Talatar 1927 zuwa Alhamis ɗin 2020, kwana biyu kawai aka matsa.

18/ A 1935 kamfanin Penguin ya fara sayar da littattafai masu bangon takarda a kan sisi. Eh, sisin nan dai da kakanninmu suka kashe, rabin sule. Na binciken kisa an yi musu koren bango, kuma cikin goman farko akwai na Christie da na Sayers. Daga nan ma'aikacin jirgin ƙasa da mai aikin gida suka iya mallakar nasu. Yawan masu karatu ya ƙaru, raini daga manyan masana ma ya ƙaru.

19/ Sai shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin wata uku kacal, Oktoba zuwa Disamba, manyan marubuta uku suka ɗauki alƙalami a kan wannan fannin: Edmund Wilson da Raymond Chandler a Amurka, George Orwell a Ingila. Ƙorafi na biyu da na uku da muke ji yau, a nan aka yi musu gini mai ƙarfi.

20/ Chandler ya rubuta maƙalarsa The Simple Art of Murder a mujallar Atlantic a Disamba. Wane littafi ya kwantar ya feɗe? Na Milne ɗin nan. A labarin, gawar da aka ɗauka ta ɗan'uwan maigidan ce da ya dawo daga Ostareliya, ashe ta maigidan ce da kansa, ya yi shigar ɗan'uwan nasa. Chandler ya bi abin ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda ya yoye.

21/ Ya ce ba likitan da zai duba gawar mai kuɗin da bai taɓa aikin wahala ba ya ɗauka ta wanda ya yi shekaru yana fama a Ostareliya ce. Ba 'yan sandan da za su ƙi tuntuɓar can su ji ko mutumin ya taso. Gaba ɗaya yana ganin marubutan Ingila sun mayar da kisa wasan falo, alhali Dashiell Hammett ya mayar da shi kan titi, hannun waɗanda ke yin sa da dalili.

22/ Maganar gaskiya, Chandler bai yi ƙarya ba. Na sake karanta littafin Milne bayan na ga sukar, ramukan suna nan yadda ya faɗa. Haka wanda ya ce ba ɗan sandan da zai ba su Joyce sirrin bincike, shi ma bai yi ƙarya ba. Sai dai har yau ana buga The Red House Mystery ana saye. Masu sayen sun san da ramukan. Hirar abokan nan biyu suka zo ji.

23/ Shi kuwa Wilson, babban mai sharhin adabi na mujallar New Yorker, a Oktoba ya tambaya me ya sa ma mutane ke karanta irin waɗannan littattafai. Ya gwada kaɗan, har da na Christie, ya ce bai ga abin so ba. Sai wasiƙu suka yi ta zuwa. Shi da kansa ya ƙirga: cikin 39 da suka iso masa, 7 ne kawai suka goyi bayansa. Sauran suka ce bai karanta na ƙwarai ba ne.

24/ Ya karɓi shawararsu, ya ɗauko The Nine Tailors na Sayers da wasu, ya dawo a Janairun 1945 da maƙalar da takenta ke tambaya wa ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. Ya ce littafin Sayers ya gundure shi, ya kwatanta karatun da ɗabi'a irin ta shan taba, ya ce ana ƙarancin takarda bai kamata a ɓata ta a nan ba. Ba da jimawa ba kuma ya rubuta cewa yana jin daɗin Sherlock Holmes kafin barci. Toh fa.

25/ Orwell ya zo ta wata hanya dabam. Ya kwatanta tsofaffin labaran Raffles, ɓarawo mai ladabi ɗan wasan kurket, da No Orchids for Miss Blandish na James Hadley Chase da ya fito a 1939. Waɗanda suka yi sakandare a nan a shekarun 1970 da 1980 sun san yadda ake layin aron Chase. Abin da ya dami Orwell shi ne yadda sabon salon ke jin daɗin mugunta da bautar mai ƙarfi.

26/ Kun ga inda aka shiga. In littafi ya ɓoye jini, a ce ya raina kisa. In ya nuna jini, a ce yana koyar da mugunta. A 1948 mawaƙi W. H. Auden ya fito ya amsa cewa shi kam ya kamu, in ya fara ba ya iya aiki ko barci sai ya gama. A ganinsa daɗin labarin shi ne a ga wuri mai zaman lafiya ya gurɓace, a gano mai laifi, lafiyar ta dawo.

27/ Akwai sukar da ni ma nake tare da ita. A 1971 Colin Watson ya rubuta Snobbery with Violence, ya nuna yadda littattafan zamanin ke cike da girman kai na masu hali: ɗan aiki kullum wawa ne, baƙo kullum abin zargi ne. Wani littafin Christie na 1939 ma da kalmar cin mutuncin baƙar fata aka raɗa masa suna, daga baya ya koma And Then There Were None. Son fannin bai sa na manta wannan ba.

28/ Bayan yaƙi kasuwa ta karkata ga masu bindiga da zafi. Wata Ba'amurkiya, Lilian Jackson Braun, ta fitar da littattafai uku tsakanin 1966 da 1968 kan wani ɗan jarida da kyanwarsa mai taya shi bincike. Daga nan shiru, shekara 18. A 1986 ta dawo, masu karatu suka rungume ta, ta ci gaba har littattafan suka haura ashirin. Ashe masu son sanyin suna nan, ba a dai tambaye su ba.

29/ A daidai lokacin ne shirin Murder, She Wrote ke tashe a talabijin, 1984 zuwa 1996, inda Angela Lansbury ta fito a bazawara marubuciya mai warware kisa a ƙaramin gari. A 1989 masoyan fannin suka fara taronsu na shekara-shekara a Amurka, Malice Domestic, inda mahalarta da kansu ke zaɓen wanda zai ci kyautar Agatha. Sunan "cosy" da Turawa ke kiran fannin, wato mai ɗumi da kwanciyar hankali, ya zauna daram.

30/ Afirka ma ta shigo. A 1998 Alexander McCall Smith, haifaffen Bulawayo da ya koyar da shari'a a Jami'ar Botswana, ya fitar da The No. 1 Ladies' Detective Agency, labarin Mma Ramotswe ta Gaborone. Nan ma aka rabu. Wasu suka ji daɗin ganin Afirka ba yaƙi ba yunwa. Wasu suka ce an zuba sukari da yawa, ƙasar na fama da cutar ƙanjamau amma littattafan da ƙyar suke ambaton ta.

31/ Mu ma mun san irin wannan gardamar a gida. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa "adabin kasuwar Kano". Wasu masana suka ce ba adabi ba ne, wasu suka kare su, mata da matasa kuma suka ci gaba da saye da haya. Tambayar ɗaya ce da ta Wilson: wa ke da ikon cewa abin da jama'a ke karantawa ɓata lokaci ne?

32/ Na ce ku riƙe maganar zaman makoki. Wata manazarciya, Alison Light, a littafinta na 1991 ta kira labaran Christie na bayan yaƙi adabin masu murmurewa. Mutanen da suka ga mutuwa ba adadi, ba dalili, su ne suka nemi labarin da mutuwa ɗaya ke da dalili, kuma ake gano shi. Littafin Osman an rubuta shi kafin korona, amma ya fito ana tsakiyarta, lokacin da gidajen tsofaffi a Birtaniya suka rasa mutane da yawa. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin arashi kawai ba.

33/ Yanzu amsar ɗan'uwan nan nawa. A bara na yi makonni ina jinyar mahaifina a asibiti. Dare ya yi tsawo, ga ƙarar na'ura, ga jiran likita. Na zo da manyan littattafan da yake magana, na kasa wuce shafi biyu. Wannan na tsofaffin ne kaɗai ya shiga. Wani dare na tuntsire da dariya kan shirmen Joyce, na waiga na ga Baba kwance, kunya ta kama ni.

34/ Da na ci gaba sai na ga littafin bai guje wa abin da nake ciki ba. Mijin Elizabeth, Stephen, ciwon mantuwa na cin sa a hankali, tana ɓoyewa don kar a raba su. Ƙawarta Penny, wadda suka kafa ƙungiyar tare, tana kwance a ɓangaren masu jinya ba ta magana, Elizabeth na zuwa tana ba ta labarin binciken. Waɗannan mutane sun fi kowa sanin mutuwa na kusa. Rahar tasu daga nan take fitowa.

35/ Don haka mai cewa zaren labarin ya cukurkuɗe, ina tare da shi, ni ma sai da na koma baya sau biyu kafin na gane wa ya kashe wa. Mai cewa 'yan sandan ba su yi kama da na gaske ba, haka ne. Amma mai cewa littafin wasa yake da mutuwa, ina roƙonsa ya karanta wuraren Stephen da Penny tukuna, sannan mu yi magana.

36/ Baba ya samu sauƙi, yana gida. Da na ba shi labarin tsofaffin nan huɗu, cewa ya yi su a majalisarsu ta ƙofar gida sun fi haka, ba a dai ba su fayil ba ne. Ɗan'uwa mai tambaya, kwafina na nan in kana so, amma ka dawo mini da shi. Sauran jama'a kuma, wane littafi ne kuke jin nauyin faɗa a gaban mutane alhali shi ya raka ku a lokacin da kuka fi bukata?